Turancin Aku A Zangon Kumasi

Akwai wani abin baƙin ciki da ya daɗe yana faruwa a Zangon Kumasi, mutane kuwa sun saba da shi har sun daina ganinsa. Yaro yakan shiga makaranta yana da shekara shida, yana jin Hausa sarai, yana jin harshen Tonawa, wato Twi, sau da yawa kuma yana jin harshen iyayensa, ko na Farafara, ko na Dagaba, ko na Kusasi, ko na Mosi. Bayan shekara tara sai ya fito, a ce ya gama ƙaramar sakandare. Amma in aka miƙa masa takarda aka ce ya rubuta wasiƙar neman aiki da Turanci, sai gumi ya karyo masa. In aka tambaye shi mene ne "noun", nan take zai rera amsa kamar waƙa. In aka ce to, ya faɗi da Turanci abin da ya ci jiya da dare, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Yaron da ya iya harshe uku tun bai yi famfara ba, ba za a ce masa daƙiƙi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tsamar da wannan ruwa shi ne yadda ake koyar da Turanci. Ana sa yara su haddace dokokin nahawu cikin harshen da ba su ji ba tukuna, ana cusa musu manyan kalmomi marasa amfani gare su, ana kuma hukunta su in sun buɗe baki da Hausa. Hausar nan kuwa ita ce tsanin da ya fi kusa da hannun ɗan Zango, wanda zai taka ya hau Turanci. An ɗauke tsanin an jefar, sa'an nan ana zagin yaro don bai hau soro ba.

Abin da yaro yake asara

Kada wani ya ɗauka wannan magana ta raina Turanci ce. Ko kaɗan. A Ghana Turanci shi ne harshen gwamnati da kotu da asibiti da banki. Da shi ake rubuta takardar fili, da takardar haya, da umarnin da ke jikin kwalbar magani, da saƙon kuɗi da yake shigowa cikin waya. Wanda bai ji shi ba yakan dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ya dogara ga amanar wanda ya karanta masa.

A makaranta abin ya fi haka tsanani. Tun daga aji huɗu na firamare, da Turanci ake koyar da lissafi da kimiyya da sauran darussa, da shi kuma ake tambayarsu a jarrabawar BECE. Yaron da yake taya uwarsa ciniki a kasuwar Kejetia, yana ba da canji ba kuskure, yakan faɗi lissafi a jarrabawa domin bai gane tambayar ba. A watan Satumba na 2017 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin babbar sakandare, amma sakamakon BECE ne yake nuna inda za a tura yaro, ko Prempeh, ko Opoku Ware, ko T.I. Ahmadiyya, ko wata makaranta can da bai taɓa sa ta a zuciyarsa ba. Daga baya kuma jami'a ba ta karɓar wanda bai ci Turanci da kyau a jarrabawar fita sakandare ba. Daga Zangon Ayigya zuwa ƙofar Jami'ar Kwame Nkrumah tsallaka titi ne kawai. To, yara nawa ne na unguwar suka tsallaka shi da littafi a hannu, nawa kuma da tiren talla a ka?

Ciwon bai tsaya a Zango kaɗai ba. A 2013, da kuma 2015, Hukumar Ilimi ta Ghana ta gwada karatun yaran aji biyu na makarantun gwamnati a faɗin ƙasar. Kusan rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Waɗanda suka karanta da kyau, suka kuma gane abin da suka karanta, ba su wuce 2 cikin 100 ba. In haka abin yake ga yaran da malami yake jin harshensu, yaya ke nan ga ɗan Aboabo ko Sabon Zango ko Akwatia Line, wanda harshensa ba shi da kujera a cikin aji?

Cuta uku

Cuta ta fari ita ce hadda. Hadda tana da wurinta, gama da ita ake riƙe ayoyi da addu'o'i da jadawalin lissafi. Amma ba a koyon magana da ita. Malami yakan rubuta ma'anar suna da aikatau da sifa a kan allo da Turanci, yara su maimaita da ƙarfi har a ji su a bakin titi, su kwafe a littafi, a ba su goma bisa goma. Iyaye su ga jan biro ya yi alamar daidai, su yi murna. Ba wanda ya tambaya ko yaron zai iya haɗa jimla guda da kansa. Aku ma yakan yi sallama, amma bai san ko safiya ce ko dare ba. Wanda ya haddace sunayen kayan aikin kafinta bai zama kafinta ba sai ya riƙe zarto ya yanka katako, ya ɓata kaɗan, an gyara masa.

Cuta ta biyu ita ce son dogon Turanci. An sa wa mutane a kai cewa mai ilimi shi ne wanda in ya yi magana ba a gane shi. Saboda haka ana ba yara jerin kalmomi masu gaɓa biyar ko shida su haddace, kalmomin da ko Bature a gidansa sai ya shekara bai furta su ba. Yaro ya zuba su cikin insha'i ba kai ba gindi, a jimlar da aikatau bai dace da mai aiki ba. Mai duba jarrabawa kuwa ba ya ruɗuwa da wannan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Cuta ta uku ta fi sauran muni, ita ce hukunta yaro domin ya yi harshen gidansu. Tsofaffin ɗalibai da yawa a ƙasar nan suna tunawa da rubutun da akan manna a bangon aji na hana harshen gida, da tarar da akan ci yaro, da durƙuso a rana, da bulala. Hukumar Ilimi ta hana bulala a makarantu tun 2017, amma kunya da dariya da tara ba su bar aji ba, musamman a makarantun kuɗi waɗanda suke tallar kansu da cewa ba a jin komai a harabarsu sai Turanci. Me yaro yake koya daga wannan? Yana koyon yin shiru. Wanda bai gane ba ba zai yi tambaya ba, gama ba shi da Turancin yin tambayar, Hausar kuwa laifi ce. Ya zauna shekara tara bakinsa a rufe. Harshe kuma da baki ake koyonsa.

Iyaye ma suna da nasu rabon laifi. Akwai uban da yakan bugi ƙirji a cikin jama'a ya ce ɗansa ba ya jin Hausa, sai Turanci. In aka saurari Turancin, sai a tarar guntaye ne da uban ya tsinto a tasha. Yaron ya tashi ba ya iya hira da kakarsa, ba ya kuma iya rubuta shafi guda mai ma'ana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da Hausa take iya bayyanawa

Kurakuran da ɗan Zango yake yi a Turanci ba na hauka ba ne. Kowannensu yana da tushe, tushen kuwa yana cikin harshen da ya riga ya iya. Malamin da ya san wannan yakan warkar da kuskure cikin minti biyar, wanda bulala ba ta warkar ba cikin shekara biyar. Bari mai karatu ya duba misalai kaɗan.

Na ɗaya, lokaci. A Hausa ƙaramar kalmar da take gaban aikatau ita take ɗauke da lokaci: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Kalmar "tafi" tana nan yadda take. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yakan sāke kama, "go" ya zama "went". Shi ya sa yaro yakan ce "yesterday he go", gama a tunaninsa kalmar jiya ta isa. In malami ya rubuta jimlolin Hausa a hagu, na Turanci a dama, ya ja layi ƙarƙashin wurin da lokaci yake zaune a kowace, yaro zai gani da idonsa. Zai kuma ga cewa "will go" da "zai tafi" gini ɗaya ne, ba sabon abu a ciki. Aikatau masu sāke kama ba bisa ƙa'ida ba kimanin 200 ne a Turanci, waɗanda ake bukata kullum kuwa ba su kai rabin haka ba. A nan ne hadda take da amfani, in an haddace su cikin jimla.

Na biyu, korewa. Yara da yawa sukan ce "he did not went". Bahaushe yakan ce ya tafi, bai tafi ba. "Bai" ta ɗauki lokaci da korewa, "tafi" ta huta. Haka "did not" take yi, ta ɗauke kayan, saboda haka "go" ya koma yadda yake. Wannan bayani numfashi ɗaya ne da Hausa. Da Turanci kuwa, ga yaron da bai ji Turanci ba, sai a yi mako ana yi.

Na uku, maimaita mai aiki. Hausa ba ta cewa "Audu tafi", dole a ce Audu ya tafi, Ladi ta zo. Yaro yakan ɗauki wannan doka mai kyau ya kai ta Turanci, ya ce "Audu he went". Abin da yake bukata shi ne a gaya masa cewa Turanci ba ya son mai aiki biyu a jimla guda, in an ambaci suna ya isa.

Na huɗu, ƙananan kalmomin nan "a" da "the", waɗanda suke wahal da har manyan ma'aikata. Hausa tana da abin da ya yi kusa da su. Wani yaro ya zo, yaron ya zauna. Wata mota ta tsaya, motar ta lalace. Wanda aka fara ambata shi ne "wani", wanda aka riga aka sani shi ne mai ɗauke da "n" ko "r" a ƙarshe. Ba kullum suke dacewa da na Turanci ba, amma ƙofar shiga ke nan.

Na biyar, namiji da mace. A nan ɗan Zango ya fi abokinsa Batone sa'a. Tonawa kalma ɗaya suke da ita ga shi da ita, shi ya sa yaransu sukan rikita "he" da "she". Bahaushe ya zo da wannan bambanci tun daga gida. Abin da ya rage a nuna masa shi ne, Turanci yana da na uku, "it", domin abin da ba mutum ba, kuma "you" guda ɗaya tana aikin kai da ke da ku.

Na shida, jerin kalmomi. Hausa tana cewa yara uku, Turanci yana sa adadi a gaba. Hausa tana cewa farin doki ko doki fari, Turanci hanya ɗaya kawai ya yarda da ita. Hausa tana tambaya da ɗaga murya ko da "shin", Turanci yana juya jimlar, ko ya kawo "do" a gaba. Duk waɗannan abubuwa ne da za a iya jerawa a shafi goma, a koya wa malami cikin hutu guda.

Maganar kalmomi

Haka yake a wajen kalmomi. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan taba, yana shan lemo, yana shan iska, yana shan wahala. Turanci yana da kalma dabam domin kowannensu. Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, yana jin Turanci. Don haka yaro yakan ce ya "hear" wari, a yi masa dariya, ba wanda ya gaya masa dalili. Bahaushe yakan ce ara mini biro, ya kuma ce na ari biro. Turanci ya raba su biyu, "lend" ga mai bayarwa, "borrow" ga mai karɓa. Jerin kalmomi da aka haddace ba ya koyar da wannan. Sai an ɗora kalmar Hausa guda a kan allo, an zana rassanta, an rubuta jimlar Turanci a ƙarƙashin kowane reshe.

Ɗan Zango kuma ba da hannu wofi yake zuwa ba. Yana da asibiti, da tebur, da bokiti, da burodi, da direba, da lauya, da kotu, da soja, da fensir, da wasu da yawa waɗanda Hausa ta ara daga Turanci ta gyara su daidai bakinta. Malami mai hikima yakan fara da su. Yakan nuna yadda Hausa take sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, Turanci kuwa yana haɗa su, da yadda "p" da "f" suke sauti biyu dabam a kunnen Bature. Yakan kuma faɗa wa yara gaskiya cewa rubutun Turanci mayaudari ne: haruffa 26 suna ɗauke da sauti wajen 44. Hausa kuwa kusan yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta. Yaron da ya fara koyon haɗa baƙi da wasali a Hausa yakan iya karatu cikin 'yan watanni, ya shiga Turanci ya riga ya san abin da ake nufi da karatu.

Game da yawan kalmomi, wani malami Bature mai suna Michael West, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a ƙasar Bengal, ya fitar da jerin kalmomin Turanci wajen 2,000 a 1953, waɗanda aka fi amfani da su. Waɗannan kaɗai sukan kai kusan kalma 8 cikin kowace 10 a rubutu na yau da kullum. In yaro ya koyi biyar a kowace ranar makaranta, ya yi amfani da su a jimla, cikin shekara biyu ya kusa gama su. Sannu ba ta hana zuwa. Amma wanda aka bari sai wata uku kafin jarrabawa aka tara masa tsofaffin tambayoyi ya haddace, an yi masa fafe gora ranar tafiya.

Ba sabuwar dabara ba ce

Waɗanda suka kawo makarantar boko ƙasar nan sun san wannan. Mishan na Basel, wanda ya iso a 1828, da harshen yara yake fara koyarwa, sa'an nan Turanci ya biyo baya. Johann Christaller ya gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa Twi a 1871, ya buga nahawun harshen a 1875, da ƙamus a 1881. Ɗaliban Akropong da suka bi ta wannan hanya su ne suka zama malamai da akawuna da fastoci, ba a kuwa taɓa jin an ce Twi ya hana su Turanci ba. A 1925 Gwamna Guggisberg ya sa koyarwa da harshen gida a azuzuwan farko cikin dokar ilimi.

A wajen Hausa ma haka ne. James Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, yawancin abin da ya sani kuwa daga bakin wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya ji shi. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Waɗannan Turawa da suka zo koyon Hausa ba su yarda a hana su Turanci ko Jamusanci ba. Da harshensu suka auna Hausa, jimla da jimla, har suka iya ta. Hanyar da Bature mai digiri ya bi ya koyi harshen Bahaushe, don me za a hana ɗan shekara bakwai ya bi ta ya koyi harshen Bature?

An kuma gwada abin an gani. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife a Nijeriya ya fara wani gwaji, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi, a hannun malamin da aka horar domin haka. Yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun fi su. A Nijar kuma, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yara suke farawa da Hausa kafin Faransanci.

Inda gwamnati ta bar ɗan Zango

Gwamnatocin Ghana sun yi ta kai da kawowa a kan wannan magana. Bayan mulkin kai a 1957 an koma Turanci tun daga aji ɗaya. A farkon shekarun 1970 an dawo da harshen gida a azuzuwa uku na farko. A 2002 an sāke cewa Turanci kaɗai, a 2007 aka janye. A watan Oktoba na 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya ba da umarni a koyar da ƙananan yara da harshen gida. Umarni ne mai kyau. Amma harshen gidan wa?

Sa'ad da aka shirya littattafan koyon karatu na shirin NALAP wajen 2010, harsuna 11 aka zaɓa: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Ba Hausa a ciki. Ma'anar wannan a Kumasi ita ce, harshen gida na aji shi ne Twi. Yaron da ya ji Twi sosai ya sami sauƙi. Wanda Twi ɗinsa na sayen gyaɗa ne kawai, ana koya masa baƙon harshe ta bakin wani harshen da bai gama ji ba. Ga shi kuwa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da Hausa, 'yan siyasa kuma in zaɓe ya zo da Hausa suke roƙon ƙuri'a a Asawase. Harshen da ya isa neman ƙuri'a, ashe bai isa koya wa yaro baƙi da wasali ba?

Amsa ga masu musu

Wasu za su ce Hausa baƙuwa ce, ta Nijeriya da Nijar ce. Fataken goro suna Hausa a Salaga tun kafin Turawa su mallaki Kumasi a 1896. Zangon Kumasi ya girmi ƙasar Ghana kanta da shekaru masu yawa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, a ƙasar nan ya yi yawancin rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci. Tatsuniyoyi da karin maganar Hausa da Rattray ya buga a 1913, wani malami ne a ƙasar nan ya rubuta masa su. In Hausa baƙuwa ce bayan duk wannan, Turanci da ya ƙetaro teku fa, ɗan wane gida ne?

Wasu za su ce yaran Zango ba duka Hausawa ba ne. Gaskiya ne. Akwai Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Busanga da Farafara da Dagomba da sauransu. Amma a tsakar gidan haya, da wurin ɗiban ruwa, da filin ƙwallo, da wane harshe yaran nan suke faɗa suke shiryawa? Ba a neman a tilasta wa kowa Hausa. Abin da ake nema shi ne, inda mafi yawan aji suke jinta, a bar malami ya yi bayani da ita.

Wasu za su ce Hausar Zango gurɓatacciya ce, ba irin ta Kano ba. Yaro ba jarrabawar Hausar Kano zai yi ba. Tsanin da aka yi da itacen gida yana kai mutum soro kamar wanda aka sayo.

Wasu za su ce babu littattafai, babu malamai. Hausa tana cikin harsunan Afirka da suka fi yawan littattafai. Akwai Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner tun 1965, akwai na Roxana Ma Newman na 1990, akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Hukumar WAEC da take shirya BECE a Ghana, ita ce take shirya jarrabawar Hausa a Nijeriya. Malamai kuwa, 'ya'yan Zango nawa ne suka fito daga kwalejojin horon malamai, suna tsaye a gaban aji suna ɓoye Hausarsu kamar kayan sata?

Wasu kuma za su ce in an bar Hausa ta shiga aji, yara ba za su yi Turanci ba. Wannan tsoro yana da ɗan dalili, gama akwai malamin da zai fake da Hausa domin shi kansa Turancinsa bai nuna ba. Maganinsa shi ne tsari. A yi bayani da Hausa a taƙaice, sa'an nan a yi aiki da Turanci da yawa, yara su yi magana, su yi tambaya, su karanta labari, su rubuta nasu. Kowace shekara Hausa tana raguwa a darasin, Turanci yana ƙaruwa, har yaro ya tsaya da ƙafafunsa.

Abin yi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bai kamata mutanen Zango su zauna jiran Akra ba. Bari malamai masu jin Hausa su daina jin kunyarta, su tattara kurakuran da yaransu suka fi yi, su nemi tushen kowanne. Bari shugabannin makarantu su yage takardun tara daga bango. Bari iyaye su yi wa 'ya'yansu magana da harshen da suka iya sosai, su ba su tatsuniya da karin magana da hira mai tsawo, gama yaron da ya ƙoshi da harshe ɗaya ya fi saurin ɗaukar na biyu. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa yaro ya karanta mata shafi guda, ya kuma faɗa mata da Hausa abin da shafin ya ce. In ya kasa, ta san jan biron nan ƙarya yake yi.

Ikkilisiyoyin da suke sujada da Hausa suna da ɗakuna da bencina waɗanda suke zaune wofi daga Litinin zuwa Asabar, suna kuma da matasa da suka gama sakandare suna jiran aiki. Bari a buɗe ajin yamma, sa'a ɗaya sau uku a mako, ƙofa a buɗe ga kowane yaron unguwa, ko ɗan gidan wa ne, ba tare da an sa masa wani sharaɗi ba. Bari masu ilimi daga cikin 'ya'yan Zango su zauna su rubuta ɗan littafin nahawun Turanci da Hausar da ake yi a Kumasi, mai arha, wanda zai shiga aljihu. A 2017 majalisa ta yi dokar kafa Asusun Raya Zango. Magudanar ruwa da filin ƙwallo suna da kyau, amma buga irin wannan littafi bai kai kuɗin kwalbati guda ba. Bari Sarkin Zango da sarakunan kabilu, da limamai da fastoci, da 'yan majalisar da Zango ya zaɓa, su haɗa baki su nemi a sa Hausa cikin harsunan da ake fara karatu da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kowace shekara wani sabon ayari na yara yana shiga aji ɗaya a Aboabo da Asawase da Moshie Zango, bakinsu cike da magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗanda suka shiga bana, nan da shekara tara za su zauna gaban takardar jarrabawa, abin da za su iya rubutawa a ranar kuwa yana hannun manyan da suke raye yau. Allah ya ba da kunnen ji.